Lakar Gulma a Bayan Bamba

Daren Laraba, Gesse

Har yanzu raina a ɓace yake. Sati biyu ina gaya wa Bala makanike cewa allon motata na nuna zafin waje digiri huɗu. A Birnin Kebbi, cikin bazara! Dariya ya yi: "Hajiya, ina ruwan lamba da iyakwandishan? Gas ɗinki ya ƙare." Sau biyu yana ɗura gas, iskar na nan kamar ta bakin murhu.

Yau na kai Inna Argungu ganin likita, ta yi ta sharce gumi har ta daina magana. Na tsorata, na tsaya wurin wani mai gyaran wayoyin mota. Yana jin lambar ya kwanta ƙarƙashin bamba, ya zaro 'yar na'urar auna zafi, bakin wayarta cushe da busasshiyar laka, tun ranar da na kafe a fadamar Gulma. Ashe motar ta ɗauka hunturu ake, shi ya sa ta ƙi ba da sanyi. Ya goge, ya mayar, sanyi ya sauko.

Na kira Bala. Wai, "Ai dama na yi zargin haka."

Lakar na nan cikin leda. Gobe zan kai masa tsaraba.