A Bar wa Shamuwa Tsamiyarta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya shirin damina? Mu nan Riyad sai godiya, zafi ne dai ba a magana.

Makon jiya kafilina, wato maigidana, ya tura ni duwatsun Asir, na tuƙa wasu baƙi masu kallon tsuntsaye. Daji ne kore shar a kan dutse, ga sanyi, sai ka rantse ba Saudiyya ba ce. Jagoransu, wani Balarabe, ko tari ya hana ni yi. A raina na ce, lallai waɗannan ba su da aikin yi.

Da muka gangaro gindin dutsen, sai ya nuna wata tsuntsuwa baƙa mai farin ƙirji, ya ce cikin raɗa ba kasafai ake ganinta ba. Yaya, shamuwa ce! Irin mai sheƙa a tsamiyar ƙofar gidanmu, wadda marigayi Baba ba ya taɓa iri sai ya ga saukarta. Mutane sun keto ƙasashe don su gan ta, mu kuma muna shirin sare tsamiyar saboda ginin shagona.

Don Allah ka dakatar da mai gatari. A ja ginin gefe, ko da zai ƙanƙance. Kada ta dawo bana ta tarar da rufin kwano.

Ka gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Ka gaida yara. Ranar da shamuwar ta sauka, ka kira ni.

Ƙaninka,
Habibu