Mijina ya kwantar da kujera a Abaji, ni aka gani

Assalamu alaikum admin da 'yan gida baki ɗaya, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, amma mai niyyar ce min in yi haƙuri kawai ya karanta har ƙarshe tukuna, don haƙurin na san shi, tare muka girma.

Shekarar aurenmu biyar, a Kubwa muke zaune, ni da maigidana duk muna aiki a cikin gari. Wanda ya san hanyar nan ya san rayuwar, ana sallame asuba mun fita don gudun gosulo, sai bayan magariba mu dawo kowa ya yi laushi. Har muka kai hirarmu ba ta wuce an kawo wuta, gas ya ƙare, ina makulli. Ni ce na ce ba zan tsufa a haka ba. Na tsara mana fita duk Asabar biyu, in dafa shinkafa in zuba a kula, shayi a fulas, mu ɗauki hanya. Mun je Gurara ruwa ya jiƙa mu, mun hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, mun kwana ɗaya a Jos ina rawar ɗari yana min dariya. A mota na gano mijina yana da labari, har waƙa yana yi, duk da muryar sai addu'a. Wallahi fitar nan ce ta dawo min da aurena, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Matsalar daga Lokoja ta taso. Na daɗe ina son ganin inda kogunan nan biyu suka haɗu, hanyar kuma dole ta Abaji take bi, inda Baffansa, ƙanin mahaifinsa, yake da shagon hatsi a bakin titi. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Kun san ba a ratsa garin babba a wuce ba a gaishe shi ba, ni ma ban taɓa musun haka ba. Zuwan farko muka tsaya da niyyar minti goma. Baffa ya sa aka kama kaza, ya ce ba mai motsawa sai an ci, aka shiga da ni cikin gida wajen Gwaggo matarsa, sai la'asar muka fito, muka juya Kubwa da shinkafarmu a kula. Zuwa na biyu ma haka, har da rakiya duba gonar doya.

Na uku, tun a gida shi da bakinsa ya ce yau wucewa za mu yi, sai mu gaishe su a dawowa. A Gwagwalada ya ce in karɓi tuƙin, wai bayansa. Muna shiga Abaji, ashe ranar kasuwa ce, motoci suka cushe daidai ƙofar shagon. Sai kawai na ji ƙarar kujera, na waiga, oga ya kwantar da ita har ƙasa ya rufe fuska da hula. Ni kuwa ga ni zaune ƙiri-ƙiri da baƙin tabarau, muka haɗa ido da Baffa yana kan bencinsa. Na ɗaga masa hannu, na ce wa maigidan tashi an gan mu, ya ce ke dai aka gani, taka mota. Na taka. Mun ga kogin, mun shiga kwalekwale, mun ci kifi. Da za mu dawo ya ce ba zai iya haɗa ido da Baffa yau ba, ya sake kwantar da kujerar.

Washegari Yayarsa, babbar gidansu, ta kira shi. Wai Baffa ya gan ni ni kaɗai a mota na nufi hanyar Lokoja, ba miji ba muharrami, ko tsayawa ban yi ba. Ina zaune a gefensa ina jira ya ce ai shi ma yana cikin motar. Sai na ji ya ce eh, da izininsa na je. Kalmar kenan. Kafin Talata magana ta zaga dangi, wai wa nake da shi a Lokoja, wai dama yawon nan da muke ce wa buɗe ido ni nake jansa, na mayar da shi direba yanzu kuma na sallame shi. Wata ƙanwarsa da na yi wa hidimar biki da hannuna ta cire ni daga gurup ɗin matan gidan. Magana har ta kai kunnen Mamata a Zariya, ta kira ni tana tambayar ko gaskiya ne. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Da na tsare shi sai ya ce in fahimce shi, in Baffa ya ji ya ɓuya masa kamar ɓarawo, mutumin da ya yi masa uba, ba zai ƙara kallonsa da daraja ba. Wai ni mace ce, in na durƙusa na ce na tuba kwana biyu an manta. Na ce masa ba a mantawa da irin wannan, jikokina ma sai an ba su labarin kakarsu mai zuwa Lokoja. Yanzu an yanke Asabar ɗin nan za mu je Abaji, in ba Baffa haƙuri a gaban Yaya, in kuma yi alkawarin an daina fita.

Rashin tsayawa gaisuwa laifi ne, na yarda, zan durƙusa a kansa har ƙasa don Baffa bai cancanci haka ba. Amma ba zan nemi gafarar tafiyar da ban yi ni kaɗai ba, kuma ba zan daina fita da mijina ba don wasu sun ga abin bai yi musu ba. Hotunanmu na cikin kwalekwale suna wayata, shi da hular da ya rufe fuska da ita, yana dariya har kunne. Na faɗa masa ni zan tuƙa ranar Asabar, daga Kubwa zuwa Abaji yana da lokacin da zai shirya bakinsa.

Ina son mutumin nan, shi ya sa har yau ban tura wa kowa hoton ba, ko Mamata. To 'yan uwa, in mun zauna gaban Baffa ya sake kwantar da kujera, in miƙa wayar ko in bar ta a jaka?