Shuɗɗan Jarkoki Ba Sa Cikin Gado

Da sunan Allah. Ni Idris na Gangaren Tudu nake rubuta wannan ga 'ya'yana, Munira da Zulkifilu, cikin cikakken hankalina, duk da uwarku Khadijatu za ta ce ba ta taɓa ganin sa ba. Ƙodata ta gaza, ƙafafuna sun kumbura, na san inda aka dosa.

Na ɗaya. Babur ɗina da ɗakin nan, malamai su raba yadda Allah ya ce.

Na biyu. Shuɗɗan jarkokin da muke tara ruwan sha a ciki ba sa cikin gado. Daga ɗakin gwajin da nake wanke kwalabe a hanyar Abuja suka fito. Can ake haɗa abin da suke kira gishiri mai ruwa: a zuba magani iri biyu a kwalba, a ɗora a wuta ana juyawa kwana da kwanaki, ya fito da kauri kamar man gyaɗa. Gishiri ne, ba a sa masa ruwa ba, amma yana malala. Ba ya ƙafewa, ba ya kama wuta, ba ya wari. Mu kuwa da hanci muke gane guba. Oga ya ce abin da ba ya tashi a iska mai tsabta ne. Shi da safar hannu yake taɓawa, ni kuma ya ba ni jarkokin kyauta. Har lakata na yi na shafa wa Jethro mai gadi a gemu, muna ta dariya. Da na kwanta ciwo, lemo ogan ya aiko. Likita bai ce abin ne ya cinye ni ba, bai kuma ce ba shi ba ne.

Kada a wanke su, kada a yi sadaka da su, kada a jefa a rafi. A huhhuda su, a jibge wa masu su a bakin ƙofa.

Na uku. Biyu daga cikin jarkokin suna unguwar Yara, wurin yayana Dabo, matarsa tana zuba kunun sayarwa a ciki. Na aika a karɓo, ya ce wani wasan nawa ne, don na taɓa sa yaro ya gaya masa na mutu, ya zo ba takalmi ya tarar ina cin rake. Khadijatu, a kan jarkokin nan ne ke da shi kuka daina gaisawa. Ki bar fushin. Ranar da ya zuba mini ƙasa da hannunsa zai yarda. A ranar za ki karɓo su, kada ki jira sadakar uku.

Allah ya raya ku, ya yi muku albarka. Ku riƙe baffanku Dabo da 'ya'yansa, gida ɗaya ne. Ku ci tare, ku sha tare, amma daga randar ƙasa.