Ƙafar da Ta Riga Tela Tafiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Mama, yaya yara da maigidanki? Mu nan sai godiya.

An yanke wa Tela ƙafar dama, daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce ciwon suga ya riga ya cinye ta. Da ita yake taka keken ɗinki tun kafin ya aure ni. Na zaci zan same shi cikin kuka, sai na tarar yana gaya wa maƙwabtan gadonsa wai ƙafarsa ta riga shi zuwa maƙabarta ne don ta kama masa wuri mai inuwa. Ɗakin kaf aka kwashe da dariya, har wani tsohon direba da ke gadon bakin taga ya dafe ɗinkin cikinsa yana roƙon a bari.

Ni kam baranda na fita, raina a ɓace. Gani nake kamar da bakinsa yake kiran mutuwa. Da na yi masa magana, ya ce idan ya yi shiru tsoro ne ke zuwa ya zauna masa a gefen gado. 

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Mu jiki da sauƙi, zuciya ce babu daɗi.

Kin san Autanmu da barkwancin nan da yake ɗorawa a waya. Ya zo dubiya, ya ji zancen ƙafar, ya koma gida ya naɗe tasa a cikin wando, ya ari sanda, ya riƙa ɗingishi yana maimaita maganar, aka ɗauke shi a bidiyo ya ɗora. Abin ya bazu, har masu kawo ɗinki suka turo wa Tela. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya juya wa bango fuska. Tun ranar bai sake zolayar kowa ba, abinci ma sai na matsa masa.

Auta kuwa cewa yake ai maganar Tela ce, bai ƙara ko kalma ba, mene ne laifinsa? Ni da nake jin haushin dariyar, yau ga ni ina kewarta.

Ki gaida Mama, amma kada ki nuna mata.

Ƙanwarki.

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wannan karon da labari mai daɗi na zo.

Tela ya sa na kira Auta. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce masa, "Da aka gama ɗauka ka kwance ƙafarka ka tafi gida, ko? Ni tawa fa?" Auta ya sunkuyar da kai, ya goge abin nan take. Yanzu shi ke tura Tela a keken marasa lafiya zuwa ɗakin motsa jiki, yana shan zolaya ba ya ramawa.

Daga baya Tela ya ce a ɗauke shi a bidiyo shi da kansa, ko masu irin ciwonsa za su rage tsoron asibiti. Aka tambayi kowa a ɗakin ko ya yarda ya fito a ciki. Direba ya ce nasa ciwon ba na kallo ba ne, aka ja masa labule, babu wanda ya ji haushi.

Jiya aka gwada masa ƙafar roba. Ya miƙe, ya kama ƙarfe, ya tako har inda nake yana haɗa gumi. Sai na ga idonsa ya cika. Ban san lokacin da na ce masa aƙalla wannan ba za ta riƙa cika mini ɗaki da wari ba. Yaya, sai na rufe bakina da hannu. Ya dube ni, sannan ya yi dariyar da sai da aka zaunar da shi.

Ya ce ki turo awon yara, da ƙafar hagu zai fara taka keken ɗinkin.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, matar Tela.