Macijin Roba da Tsoho Mai Tona Asiri

Asabar, 8 ga Maris

Yau idona ya ga abin da ya fi ƙarfinsa! Dogo mai gyaran waya ya ja ni bayan kanta ya kunna mini wani tsohon fim a kwamfutarsa. Wai an hana nuna shi a wurare da yawa, amma akwai masu son sa da suka kalla har suka haddace. Labarin wani likita ne mai sace matafiya yana yanka su a ƙarƙashin gidansa. Minti goma kawai, na kau da kai.

Sai Dogo ya danna wani wuri, muryar wani tsoho ta hau kan fim ɗin. Masani ne, shekara talatin yana bin diddigin irin waɗannan finafinai. Yana magana da Turanci, Dogo na juya mini. Ashe jinin nan sukari ne aka dafa aka zuba kala! Ƙarar karyewar ƙashi kuwa, karas ake karyawa a bakin makirufo. Na yi dariya har na kifar wa Dogo da gwangwanin noti. Tsohon nan malamina ne, bai dai sani ba.

Auta har yau ba ta kula ni. Kwana tara ke nan, a kan ɗan kulle ta da na yi a ɗakin ajiya da macijin roba. Ko “Yaya Biri” da take kirana ta daina. Inna ta ce tsintsiya ma ba ta yarda ta shiga ɗaukowa. Za ta huce.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ba Yaya labarin fim ɗin a shagon askinsa. Ya ce, “Ni da nake wuni da aska a hannu? Kawo shi, ƙaramin ƙwaro.” A gaban mutum huɗu ya faɗa. To, mu zuba mu gani. Juma'a da yamma, idan shago ya yi sauƙi.

Litinin, 10 ga Maris

Na gwada dafa jinin. Tukunyar Inna ta ƙone, kunnena ya sha murɗa. Amma kalar ta fito, wallahi kamar yanzu aka yanka rago!

Laraba, 12 ga Maris

Mun ci gaba. Daɗin tsohon nan shi ne yana gaya maka abu kafin ya faru. “Ku lura da ƙarƙashin gado,” in ji shi, sai ga hannu ya fito! Minti na arba'in da ɗaya, na rubuta a tafin hannuna. Daidai nan zan kasance a ƙarƙashin bencin Yaya, hannuna jiƙe da jini, in cafko ƙafarsa. Shi ba za a kunna masa muryar tsoho ba, ya sha abinsa tsagwaro. Tun yanzu dariya ke cina. Dogo ya ce in Yaya ya yi mini tal-kwabo da reza, shi ba ruwansa.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun kai wurin da likita ke kulle wata yarinya a akwati da ɓeraye a ciki. Ina jira tsoho ya ce ɓerayen na roba ne. Da ya yi magana, Dogo bai juya ba, sai da na zungure shi.

Wai ce wa 'yar wasan aka yi akwatin ba komai a ciki. Mai shirya fim ne ya zuba ɓeraye masu rai a ɓoye, don ihun ya fito da kyau. Minti huɗu tana dukan murfi. Tsoho ya ce a duba yadda hoton ke rawa: mai kyamara ne ke dariya. Ba ta ƙara fitowa a fim ba. Bayan shekara arba'in tsohon ya nemo ta, ya tarar ko banɗaki ba ta iya rufewa.

Dogo ya ce, “Kai, wasu dai ba imani.” Na ce haka ne.

Ni jingina na yi da ƙofar ɗakin ajiya ranar da na kulle Auta, saboda dariya ta hana ni tsayuwa. Ina jin dukan a bayana.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban je shagon Yaya ba. Jinin bai yi kauri ba ne, shi ya sa.

Asabar, 15 ga Maris

Da hantsi na fito da macijin tsakar gida, cikin rana, Auta na wanke-wanke. Ta miƙe za ta gudu. Na shaƙe murya irin ta tsoho na ce, “Masu kallo, ku lura da cikinsa, ga layin da aka haɗa roba. Harshen nan kuwa zare ne. Wanda ya saye shi wani biri ne marar hankali.” Ta tsaya. Na miƙa mata almakashin Inna. Gunduwa bakwai ta yi masa.

Sai ta buɗe tafin hannu. “Makulli.”

Na shiga ɗakin ajiyar, ta rufe. Ashe ɗakin nan ko yatsanka ba ka gani, kuma wani abu na motsi bayan buhuna. Ihun farko na ƙarya na yi, don ta ji daɗi. Na biyun ba sai na rubuta ba.

Da ta buɗe ta ce, “Yaya Biri, ai ko rabin nawa ba ka yi ba.” Ta wuce ni ta ɗauko tsintsiya da kanta.

Yaya na ta yaɗawa wai tsoro ya hana ni kawo fim ɗin. Ya yi ta faɗa. Ba tuba na yi ba fa, yana nan a lissafina. Jinin dai na zubar a kwata, tururuwa ta dame shi.