Barsu da Hukuncin Maigari

Mandera, ta Shagari,
9 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga taubashina Malam Maniru, malamin dabbobi a Bodinga.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Hajjo da yara. Yaya aiki, yaya fama da ostariti, wannan tsuke bakin aljihu na gwamnati? Na ji albashinku ya maƙale, ko da yake ban ga alamar hakan a tumbinka ba da muka haɗu wurin suna.

Maniru, raina a ɓace yake. Ka san karena Barsu, wanda ke tsare mini fadamar albasa, ka kuma san Sodangi da muke iyaka da shi. Tun da na ƙi kafa tutar jam'iyyarsu a ƙofar gidana ya ɗora mini karan tsana. Kwanakin baya Barsu ya bi zomo ya ratsa ta fangalin shukarsa, sai mutumin nan ya zaro itace mai wuta daga inda yake gasa rogo ya danna masa a gadon baya. Da hannuna na wanke ciwon, kare yana kuka, ni ma ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ciwon ya warke, amma kare ya lalace. Duk wanda ya gani da sanda sai ya taso masa. Ya yage zanen wata mai tallar nono, ya ciji akuyar liman. An kai ƙara, Maigari ya yanke cewa ranar da haƙorin Barsu ya taɓa jikin mutum, a ranar za a kashe shi. Tun daga nan Sodangi ya mai da ƙofar gidana hanyarsa, yana tafe yana buga sanda a ƙasa. So yake a cije shi, ya ga gawar karena.

To, ni ma so nake a cije shi, amma cizon da zai tuna har kabari. In za a kashe mini kare, gara ya tafi da tsokar ɗuwawun Sodangi a baki. Ka taɓa ba ni labarin wani mai horar da karnuka a garinku. Don zumunci ka haɗa ni da shi. Kada ka aiko mini da wa'azi, liman ya riga ka.

Ka gaishe da Hajjo.

Ni ne ubangidanka,
Attahiru.

Bodinga,
28 ga Janairu, 1983.

Zuwa ga Malam Maniru.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fata rangadin allurar shanu yana tafiya daidai. Na iso na tarar ka fita, don haka zan bar wannan takarda hannun Hajjo. A zaurenka na sauka. Ta karɓe ni hannu biyu, amma ta rantse kare ba zai tsallake mata dokin ƙofa ba, sai a gindin darbejiya nake ɗaure shi.

Na je wurin mutumin naka, Kofur Lawali, tsohon ɗan sandan da ya yi aiki da karnukan gwamnati. Allah ya isa tsakanina da kai. Na zo neman wanda zai mai da mini kare zaki, ka tura ni wurin mai raba ƙuli-ƙuli. Da na faɗa masa buƙatata ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ba ya koya wa kare cizo, kuma a ganinsa mu biyu ne marasa lafiya, ni da Barsu. Wai fushina ta igiya yake bi ya sauka a wuyan kare.

Ga yadda aikinsa yake. Zai sa ni in riƙe igiya sako-sako, shi kuma ya gifta daga nesa da sanda. In Barsu ya zauna bai motsa ba, a jefa masa ƙuli. In ya zabura, ba duka ba tsawa, sai a ja baya a sake. Kullum yana ƙara matsowa. In na ɗaure fuska ni ake yi wa faɗa, da furfurata, a bakin hanya, a gaban masu jiran mota. Jiya ya buga sandar dab da hancin Barsu, kare ya yi hamma. Na ji kamar in kwance shi in koma gida.

Amma da yamma ya nuna mini wani abu da ya hana ni tafiya. A aikinsu, in ji shi, ba a son kare ya yaga ɓarawo, so ake ya tsare shi. Ya sa wani ƙato ya ruga, ya nuna shi da yatsa, sai tsohuwar karyarsa ta sha gabansa ta tsaya. In ya motsa ta yi gurnani, in ya tsaya ta yi shiru, ba ta taɓa ko rigarsa ba, kuma ba ta sake shi ba sai da Kofur ya tafa hannu. Na roƙe shi ya koya wa Barsu, na ce saboda ɓarayin albasa. Ya yarda. Ban ambaci sunan kowa ba.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Naka,
Attahiru.

Mandera,
5 ga Maris, 1983.

Zuwa ga taubashina Maniru.

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Mu nan lafiya lau, ni kam har ƙiba na fara.

Jiya Juma'a da hantsi ina jan jigo, na lura ruwan da nake zubawa ba ya isa fangalina. Na zagaya, sai ga Sodangi tsugune cikin magudana, ya fasa ta ya karkata ruwana zuwa nasa. Ashe gumina yake sha. Na kira Barsu. Na nuna masa Sodangi da yatsa.

Maniru, da ka ga aiki. Barsu ya tsaya a gabansa, hanci da hanci. Ya yunƙura zai miƙe, kare ya yi gurnani, ya koma ya tsuguna. Ya lalubo sandarsa, kare ya ƙara matsowa, ya sake ta. Ni kuwa na koma kan jigona, ruwa yana bi ta ƙarƙashin Sodangi. Hanyar masu zuwa masallacin Juma'a a Shagari ta nan ta bi, kowa ya zo sai ya tsaya. Sodangi ya zage ni, ya zagi iyayena, daga baya ya koma kirana da yaya, shi da ya girme ni. Dattawa suka sa baki, na ce hannuna da laka, bari in gama. Sai da rana ta take tsaka, na tabbata babu wanda bai gani ba, sannan na tafa.

Bayan an sauko ya garzaya wurin Maigari yana ɗingishi, wai kare ya cije shi, a cika hukunci. Na san in aka sami ko ƙwarzane a jikinsa Barsu ya tafi. Maigari ya ce ya nuna wurin. Ya naɗe wando, babu. Ya tuɓe riga, babu. Ya yi ta juyi a tsakiyar fada yana laluben jikinsa, daga shi sai wando mai laka, har wani tsoho ya ba shi shawarar ya duba hammata. Na ce a bar shi ya nema a hankali, ba sauri muke ba. Maigari ya ce a ba shi rigarsa, kare kuma ya koma bakin aikinsa.

Liman ya tare ni a hanya ya ce yanzu sai in yafe. Na ce masa zan duba maganar ranar da gashi ya tsiro a bayan Barsu. Kai malamin dabbobi ne, ka san ba zai tsiro ba.

Ga buhun albasa nan a motar kasuwa, rabi na Kofur, rabi na Hajjo. Kai ba ka da ko ɗaya. Allah ya bar zumunci.

Ni ne ubangidanka har gobe,
Attahiru.