Turminki Ya Shiga Makaranta, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Inna, yau albishir na zo miki da shi. Turminki ya shiga makaranta!

Kin tuna ɗan turmin gahawar da kika taho da shi daga yankin Jazira, sa'ad da muka bar gonar auduga muka tare a unguwar Alhilla Kuku? In mata sun taru shan jabana, wato gahawarmu ta gargajiya, sai ki bi fuskoki da kallo. Wadda kika ga ranta a dagule, ita za ki miƙa wa taɓarya, ki ce: "Daka, 'yar nan, ki faɗi sunan abin da kike dakawa."

Ina da wata ɗaliba, Safiya, kai gare ta kamar me. Sojoji suka tare motar haya a hanyar Kasuwar Libiya, suka kwashe samari zuwa bautar ƙasa ta dole, har da yayanta. Tun ranar yarinya ta ɗauke wuta. Ba kuka, ba magana, takardar jarrabawa ma fara fat take mayarwa. Babanta ya ce in zangon nan ya ƙare a haka, zaman gida ya fi mata. Mu malamai kullum sai mu ce ta yi haƙuri, alhali haƙurin ne yake cin ta.

Na samu shugabar makaranta na roƙi lokacin karin kumallo don in riƙa tara 'yan ajina shan gahawa. Ta tambaye ni ko gidan shayi zan buɗe mata, amma dai ta yarda. Na sayo gahawa da citta a Kasuwar Umdurman, na naɗo turminki cikin tobin da nake yafawa.

Na koya musu tsarinki. Yayin suya kowa ta ja numfashi a hankali har ƙamshi ya tashi. Mai taɓarya ita ce da magana, ba a katse ta, kuma abin da aka faɗa ba ya fita ƙofa. Inna, da kin ga abin da aka daka! Wata lissafi, wata faɗan gida, wata ma ƙurajen fuskarta, muka yi ta dariya.

Da aka zo kan Safiya, ta yi ta daka har gahawa ta zama gari. Yarinyar da ba ta yarda a ji Hausa a bakinta a makaranta, inda Hausawa tsiraru ne, don kada a tsokane ta, sai ga shi da Hausa ta yi magana. Ta ce ranar ita ta aiki yayan nata kasuwa, takalmi ta ce ya sayo mata.

Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan ita kaɗai. Ta fashe da kuka, har waɗanda ba sa jin Hausa suka matso suka riƙe ta. Na yi ta gaya mata ba takalminta ne ya tare motar ba.

Jiya ta cika takardarta ciki da baya, babanta kuma ya ce ta ci gaba. Shugaba ma ta ce sauran azuzuwa na jira. Wallahi ji nake kamar in yi guɗa a tsakar makaranta!

Yayan dai bai dawo ba tukuna. Turmin kuma ya ɗan tsage a baki, kada ki yi fushi, aiki yake sha.

Allah ya dawo mata da shi lafiya. Ke kuma Allah ya jiƙanki, ya kai miki ladan kowane bugu.

Taki har kullum,
Maryama